Ƙashin Ƙugun Karena Ya Sake Gocewa, Shin In Yarda a Yi Masa Tiyata?

Assalamu alaikum. Ina da kare namiji mai shekara 4, nauyinsa kilo 28, wanda ya tashi a hannunmu tun yana ɗan kwikwiyo. Kwana 9 da suka wuce mota ta buge shi a bakin titi, bayan na manta ban rufe ƙofa ba. A ranar muka kai shi asibitin dabbobi, aka ɗauki hoto, likita ya ce babu karaya, amma ƙashin cinyarsa ta dama ya goce daga gurbinsa. Aka yi masa allurar barci aka mayar da ƙashin, sannan aka tanƙwara ƙafar aka ɗaure ta a jikinsa. Bayan kwana 6 na ga yatsunsa sun kumbura, muka koma, aka kwance ɗaurin aka sake hoto, sai ga shi ƙashin ya sake fita. Yanzu likitan ya ce sai tiyata, ya kuma ba mu zaɓi biyu: ko a buɗe a mayar da ƙashin a ɗaure shi da wani zare mai ƙarfi, ko a yanke kan ƙashin gaba ɗaya. Maigidana yana ganin a ƙyale shi, tunda yana cin abinci kuma yana yawo da ƙafa uku, ya ce a hankali zai warke. Wani maƙwabcinmu kuma ya ce shi zai iya ja masa ƙafar ta koma. Ni kuwa ina tsoron a sake sa shi barci, ina tsoron yanke ƙashi, ga shi kuma zuciyata ta fara zargin likitan, tunda aikinsa na farko bai ɗore ba. Ina neman shawara.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawarata ita ce ki yarda a yi tiyatar, kuma a yi ta cikin kwanakin nan, domin a irin wannan rauni jinkirin mako ɗaya yana iya sauya irin aikin da zai yiwu a yi. A cikin zaɓin biyu da aka ba ku, na fi karkata ga mayar da ƙashin a ɗaure shi, matuƙar hoton ya nuna gaɓar tana da lafiya kafin haɗarin. Zan yi miki bayanin dalilina daki-daki, yadda za ki iya zama da maigida da likitan ku yi magana kowa ya san abin da ake tattaunawa a kai.

Ya kamata ki fara sanin yadda wurin yake. Ƙashin cinya yana da kai mulmulalle a ƙarshensa na sama, wanda ke zaune cikin wani gurbi a jikin ƙashin ƙugu. Abubuwa uku ne ke riƙe da shi a nan. Akwai wata gajeruwar jijiya mai ƙarfi da ta taso daga tsakiyar gurbin ta kama tsakiyar kan ƙashin, akwai wata jaka mai kauri da ta lulluɓe gaɓar ta kowane gefe tana riƙe da ruwan da ke sa ta santsi, sannan akwai manyan tsokokin da suka kewaye wurin. Kan ƙashin ba ya iya fita sai jijiyar nan ta tsinke, jakar kuma ta yage. Da zarar ya fita, tsokokin ɗuwawu sukan fizge shi sama da gaba, shi ya sa a cikin karnuka huɗu da wannan ya same su, wajen uku can ƙashin yake tafiya, kuma shi ya sa za ki ga ƙafar ta fi 'yar'uwarta gajarta, gwiwa ta juya waje, dunduniya ta karkato ciki. A duk gaɓoɓin kare babu wadda ta kai ta ƙugu yawan gocewa, kuma bugun mota shi ne sanadin mafi yawansu.

Wannan ya kawo mu ga zargin da kike yi wa likitan, wanda nake roƙon ki cire shi daga zuciyarki. Abin da ya yi a ranar farko shi ne abin da aka saba farawa da shi idan babu karaya kuma raunin sabo ne: a sa kare barci domin tsokoki su saki, a ja ƙafar a murɗa ta har kan ƙashin ya faɗa gurbinsa, sannan a ɗaure ta. Ɗaurin da kika gani, wanda ake tanƙwara ƙafar a juya ta ciki, ana kiransa ɗaurin Ehmer, da sunan wani likitan dabbobi ɗan Amurka, kuma akan bar shi kwana 10 zuwa 14. Sai dai duk wanda ke wannan sana'a ya san cewa kusan rabin ƙasusuwan da aka mayar ta wannan hanya suna sake fita, ko da a hannun ƙwararre ne. Dalilin a fili yake. Mayarwa ba ta ɗinke jakar da ta yage, ba ta kuma haɗa jijiyar da ta tsinke. Wani lokaci ma gudan jini ko leɓen jakar da ya yage yakan naɗe ya shige cikin gurbin, ya hana kan ƙashin zama sosai, kuma hannu ba ya iya fitar da shi daga waje. Ana gwada wannan hanyar ne saboda idan ta yi an huta da yanka, idan kuma ba ta yi ba, ba ta rufe ƙofar tiyata ba. Kumburin yatsun ma abu ne da aka san wannan ɗauri da shi, tare da gurjewar fata a inda filasta ta matse, kuma kin kyauta ƙwarai da kika mayar da shi asibiti da zarar kin gani, domin akwai karnukan da suka rasa yatsu saboda an yi ta jira ranar da aka ce a dawo. Ki tabbata likitan ya duba fatar ƙafar da kyau kafin ranar tiyata, saboda gyambo mai ruwa kusa da inda za a yanka yana iya kai ƙwayoyin cuta cikin gaɓar.

Maganar maigidanki tana da tushe, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba tare da amsa ba. Gaskiya ne kare ba ya mutuwa saboda gocewar ƙugu, gaskiya ne kuma bayan wasu makonni zai iya fara taka ƙafar sama-sama. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kare dabba ce mai ɓoye ciwo, cin abinci da kaɗa wutsiya ba sa nuna cewa zafin ya tafi, ɗage ƙafar da yake yi ita ce shaidar cewa yana nan. Ƙashin kuma ba ya komawa da kansa. Kan nasa yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi wanda ke samun abincinsa daga ruwan cikin gaɓa, to yanzu yana waje, yana gogar ƙashin ƙugu a duk motsin da karen ya yi, yana zaizayewa. A lokaci guda tsokokin da suka ja shi sama suna ƙanƙancewa a wannan matsayi, gurbin da ya bari kuma yana cikewa da nama mai tauri. Abin da jiki zai iya yi shi ne ya gina wa kan ƙashin wata mazauna ta tabo a inda ya tsaya, sai karen ya rayu da gajeruwar ƙafa, da cinya ramammiya, da ɗingishi, sau da yawa kuma da ciwon da ba ya ƙarewa. Ƙaramin kare mai kilo 5 yana iya lallaɓawa a haka. Mai kilo 28 zai jibga nauyinsa a kan ƙafar hagu da gadon bayansa shekara da shekaru, kuma yana da shekara 4 ne kawai, rabin rayuwarsa ko fiye tana gaba. Ki gaya wa maigida cewa zaɓin a ƙyale shi ba ya tsayar da komai a inda yake, kullum gaɓar ƙara lalacewa take yi, har ranar da za a ce mayarwa ba za ta yiwu ba, sai yankewa.

Batun maƙwabci kuwa, ki yi masa godiya ki ce a'a. Abin da likita bai iya tsayarwa ba alhali karen yana barci tsokokinsa a sake, hannu ba zai tsayar da shi ba karen yana farke yana turjewa. Abin da zai biyo baya shi ne azaba, da ƙarin yagewa, watakila da karaya, da cizo.

Na fahimci tsoron da kike yi na allurar barci, amma ki tuna ya riga ya sha ta sau ɗaya, a ranar da jikinsa ya fi kowace rana rauni, ya kuma farfaɗo lafiya. A kare matashi mai ƙoshin lafiya haɗarin kaɗan ne, kuma akwai abin da ake yi domin a ƙara rage shi. Motar da ta iya fitar da ƙashin ƙugu tana iya taɓa ƙirji da ciki, shi ya sa likitoci ke duba ko huhu ya ƙuje, ko iska ta taru a kewayensa, ko tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya yage, ko mafitsara ta fashe. Yawancin waɗannan da sun bayyana cikin kwanakin farko, sai dai yagewar tantanin nan tana iya ɓuya na wani lokaci. Saboda haka ki tambaya ko an ɗauki hoton ƙirjinsa, idan ba a ɗauka ba a ɗauka, a kuma yi gwajin jini domin a ga lafiyar hanta da ƙoda. Ki faɗa wa likitan idan kin lura yana haki ba tare da ya motsa ba, ko fitsarinsa ya sauya. Ki kuma bi umarnin da za a ba ki na hana shi abinci kafin aikin, domin amai a cikin barci yana iya shiga huhu.

Yanzu ga tiyata ta farko, wadda likitoci ke kira togul. Wasu likitocin dabbobi a Amurka ne suka fara bayyana ta a 1953, kuma har yau tana cikin hanyoyin da aka fi amfani da su, sai dai kayan aikin sun inganta. Bayan an aske wurin an wanke, likita zai yanka ta gefen ƙugu, ya raba tsokoki ya kai ga gaɓar. Zai share gurbin tas, ya cire gudan jini da guntayen tsohuwar jijiya, ya dubi kan ƙashin da idonsa ya ga ko guringuntsin yana nan da kyau. Daga nan zai huda wata siririyar hanya da ta ratsa kan ƙashin da wuyansa ta ɓulla ta gefen cinya, ya kuma huda wani ƙaramin rami a tsakiyar gurbin, daidai inda jijiyar asali take. Sai ya ɗauko wani ɗan guntun ƙarfe mai ɗauke da zare mai ƙarfi, ya tura shi a miƙe ta cikin ramin, idan ya wuce sai ya gitta ta baya ya kasa fitowa, kamar yadda maɓalli ke wucewa ta hudar riga ya tsaya. Zaren kuma sai a zura shi ta hanyar da aka huda a ƙashin cinya, a mayar da kan ƙashin gurbinsa, a ja zaren a ɗaure a gefe. A ƙarshe a ɗinke abin da za a iya ɗinkewa na jakar. Ma'ana an yi masa sabuwar jijiya a mazaunin wadda ta tsinke. Ba a sa ran zaren ya riƙe gaɓar har abada. Aikinsa shi ne ya tsare ta na makonnin da jakar ke warkewa, tabo mai ƙarfi ya kewaye wurin, daga nan jiki ya karɓi aikin. Wannan shi ne dalilin da ya sa kulawar bayan tiyata take da nauyi sosai, zan kuma dawo kanta.

Akwai wasu hanyoyin masu manufa ɗaya da wannan, kuma likitan yana iya ambata su ko ya haɗa biyu. Idan jakar ba ta yage da yawa ba, ɗinke ta kaɗai yana iya wadatarwa. Ana kuma iya kafa sukurori a leɓen gurbin ta sama a ɗaura zare daga nan zuwa wuyan ƙashin, ko a ratsa gaɓar da ƙarfe na ɗan lokaci a zare shi bayan mako 2 zuwa 3. Kada yawan sunaye ya rikita ki. Gaba ɗaya, a cikin karnuka goma da aka buɗe aka mayar, takwas zuwa tara ƙashin yana zama, kuma hanyar da likitan ya fi ƙwarewa a kanta ta fi wadda ya karanta kawai amfani gare ku.

Tiyata ta biyu, wadda za ki ji ana kira FHO, ita ce ta fi ba ki tsoro, kuma sunanta ya fi ta muni. Ana yanke kan ƙashin ne da wuyansa, ƙafar tana nan yadda take. Da yake babu sauran ƙashi da ke gogar ƙashi, zafin yana tafiya, tabo ya cike tsakani ya zama kamar gaɓa, tsokoki kuma su ɗauki nauyin. Aiki ne sananne, ya fi sauƙi, ya fi araha, ba a barin ƙarfe ko zare a jiki, kuma babu sauran maganar sake gocewa tunda abin da zai goce ya tafi. Kuliyoyi da ƙananan karnuka, musamman waɗanda ba su kai kilo 20 ba, sukan warke har mutum ya kasa gane ƙafar da aka yi wa aiki. A manyan karnuka sakamakon ba shi da tabbas kamar haka. Da yawa suna samun sauƙi su yi gudu su yi wasa, amma ƙafar takan ɗan gajarta, ba ta miƙewa baya sosai, cinyar takan fi ɗayar sirantaka, wasu kuma sukan yi ɗingishi bayan doguwar tafiya. Sannan tana buƙatar watanni na gashin ƙashi kafin ƙarfi ya dawo.

Akwai ta uku da ba a ambata muku ba, wato a cire gaɓar a sa ta ƙarfe da roba, irin yadda ake yi wa mutane. Ga babban kare da gaɓarsa ta lalace ita ce ta fi mayar da ƙafa yadda take, amma tana da tsada ƙwarai, kuma ba kowane asibiti ke da kayan aikin da ƙwararren da zai yi ta ba.

Dalilin da ya sa na fifita ta farko a kan ta biyu ga karenki shi ne nauyinsa, da ƙuruciyarsa, da kuma cewa raunin bai tsufa ba tukuna. Akwai kuma wani dalilin da nake ganin ya fi waɗannan. Idan aka mayar da ƙashin aikin bai yi ba, ana iya komawa a yanke kan daga baya. Idan aka yanke, ba a mayarwa. Gaɓar da aka halicce shi da ita, idan tana da lafiya, ta cancanci a yi ƙoƙarin ceto ta kafin a haƙura da ita. Amma wannan fifiko yana da sharaɗi, kuma hoton da ke hannun likitanku shi zai raba gardama. Manyan karnuka da yawa suna tasowa da wata matsala ta gado, inda gurbin ƙugu bai yi zurfi ba, kan ƙashin kuma bai zauna daram a cikinsa ba. Idan karenki yana cikinsu, ko gaɓar ta riga ta kamu da amosani, ko wani ɓangare na kan ƙashin ya ɓalle tare da jijiyar, to ɗaure shi a gurbin da ba zai riƙe shi ba wahalar banza ce, yankewar ta fi. Haka nan idan kun zauna kun ga ba za ku iya killace shi na mako 6 zuwa 8 ba, ko kuɗin aiki biyu zai fi ƙarfinku idan na farko bai yi ba, zaɓen yankewa tun farko ba abin kunya ba ne, kuma ya fi barin sa a haka nesa ba kusa ba.

Idan kin koma wurin likitan, ki roƙe shi ya nuna muku hoton, ke da maigida, ya kwatanta muku gurbin dama da na hagu, ya gaya muku ko ya ga alamar matsalar gadon nan ko wani ɗan guntun ƙashi a cikin gurbin. Ki tambaye shi, cikin ladabi amma kai tsaye, wacce daga cikin tiyatar biyu ya fi yawan yi, kuma idan ta farko ba ta cikin abin da ya saba, ko akwai wanda zai tura ku wurinsa. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Abu mafi muhimmanci shi ne ku yi yarjejeniya tun kafin a shiga ɗakin tiyata a kan abin da zai yi idan ya buɗe ya tarar guringuntsin ya zaizaye, domin hoto ƙashi yake nunawa, ba ya nuna guringuntsi sosai. Ni dai shawarata ki ba shi izini tun yanzu cewa idan ya ga haka ya wuce ga yankewa a wannan zama ɗaya, kada a rufe a tashe shi sannan a sake sa shi barci karo na uku. Ki kuma nemi a faɗa miki abin da zai iya biyo baya: sake gocewa, wadda ke samun wajen ɗaya cikin goma, da shigar ƙwayoyin cuta, da taɓuwar babbar jijiyar ji da motsi, wadda ta bi ta bayan gaɓar ta sauka ƙafa.

Game da ƙofar da kika manta, na ga yadda abin yake cin ranki. Mantuwa ce irin wadda ke samun kowa, kuma tun daga wannan lokaci kin kai shi asibiti a ranar, kin lura da yatsunsa, kin mayar da shi. Abin da nake jin tsoro shi ne kada tausayin da wannan damuwa ta haifar ya sa ki riƙa sassauta masa bayan tiyata, domin a nan ne masu karnuka da yawa suke ɓata aikin da aka yi.

Idan mayarwa aka yi, zai zauna a keji mai faɗi ko ƙaramin ɗaki na mako 6 zuwa 8, kuma mako biyun farko su ne mafi haɗari. Babu gudu, babu tsalle, babu hawa bene ko kujera, babu wasa da wani kare ko da yara. Fita ta bayan gida ce kawai, da igiya a hannunki, minti 5 ko makamancin haka. A kwanakin farko ki ratsa tawul ta ƙarƙashin cikinsa ki riƙe bakinsa biyu ta sama, ki ɗan ɗauke masa nauyi idan zai tashi ko zai tsuguna. Ki shimfiɗa wani abu a duk inda daɓen yake da santsi, domin zamewa ɗaya da ƙafafu suka buɗe tana iya tsinke zaren. Matsalar takan taso ne wajen mako na biyu ko na uku, lokacin da zafi ya tafi, karen ya ji garau, ya fara kuka yana neman a sake shi, alhali a ciki jakar ba ta gama haɗewa ba. A lokacin ne mutanen gida za su fara cewa ai ya warke. Kada ki saurara sai an sake ɗaukar hoto likita ya ce an kai. Idan ya ƙi zama, ki faɗa wa likitan, akwai maganin kwantar da hankali da ake ba karnuka saboda wannan. Idan kuwa yankewa aka yi, tsarin ya sha bamban: bayan 'yan kwanakin farko ana so ya fara taka ƙafar da wuri, a riƙa tafiya da shi a hankali, ana tanƙwara masa ita ana miƙewa, domin ƙafar da aka bari a rataye tabonta yakan sandare. Saboda haka kada ki ɗauki umarnin wani mai kare da aka yi wa ɗaya ki yi aiki da shi a kan ɗayar.

A duka biyun za a sa masa wata roba mai faɗin baki a wuya domin kada ya lashi ɗinkin, ki bar masa ita dare da rana har a cire zaren fata bayan kwana 10 zuwa 14. A kwana biyu ko uku na farko, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma a ɗora gefen wurin na minti 10 tana rage kumburi. Ki riƙa duba yankan safe da yamma. Ɗan ja da ɗan kumburi ba komai, amma idan ya fara fitar da ruwa mai wari, ko ya buɗe, ko karen ya daina cin abinci, a koma asibiti. Haka nan idan yana taka ƙafar sai kwatsam ya sake ɗage ta, ko kika ga yana jan ta bayan dagin yana gogar ƙasa, wannan ba abin jira zuwa gobe ba ne.

Maganin zafi kuwa, wanda likita ya rubuta kaɗai za ki ba shi, irin su meloksikam ko karfurofen da aka auna daidai nauyinsa. Kada ki ba shi ibufurofen ko daikulofenak na mutane, domin suna iya huda cikin kare su lalata masa ƙoda, farasitamol ma sai da umarnin likita. Idan ya fara amai ko kashinsa ya yi baƙi, ki dakatar da maganin ki kira likitan. Ki kuma rage masa abinci kaɗan a tsawon zaman, tunda ba ya motsi. Gaɓar da ta taɓa gocewa takan kamu da amosani idan shekaru suka ja, ko da aikin ya yi kyau, kuma babu abin da ke jinkirta wannan kamar hana shi ƙiba: ya zama kina iya jin haƙarƙarinsa da tafin hannu ba tare da kin danna ba.

Kafin ranar tiyatar, tun daga yau, ki fara killace shi kamar an riga an yi, saboda yawon da yake yi da ƙafa uku yana ƙara goge kan ƙashin da muke son cetowa, zai kuma saba da kejin tun kafin ya zama dole. Ki kira asibitin gobe da safe ki nemi rana mafi kusa, ki kuma roƙi maigida ya raka ki, ya ga hoton da idonsa, ya yi wa likitan tambayoyinsa da bakinsa. Allah Ya ba shi lafiya.